Kogi Ɗaya, Jihohi Biyu: Lasisin Kamun Kifi a Kogin Kolombiya

Kogin Kolombiya ya taso ne daga duwatsun Kanada, ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 kafin ya faɗa Tekun Fasifik. A ƙarshen tafiyar tasa shi ne iyaka tsakanin jihohi biyu na Amurka, wato Washinton a arewa da Oregon a kudu. Kowace jiha kuwa ita ke da ikon tsara dokar kamun kifi a ruwanta, ita ke sayar da lasisi. To, masuncin da ke tsakiyar kogi cikin kwalekwale, dokar wa zai bi?

Wannan tambaya ta taɓa kaiwa har Kotun Ƙoli ta Amurka. Wani masunci mai suna Nielsen, mazaunin Washinton, ya yanki lasisin jiharsa na kamun kifi da wata irin koma wadda ake zuge bakinta ta ƙasa kamar jaka. Oregon kuwa ta haramta irin wannan koma. Duk da cewa a ɓangaren Washinton yake aikinsa, sai Oregon ta gurfanar da shi, bisa hujjar cewa Majalisar Tarayya ta bai wa jihohin biyu ikon haɗin gwiwa a kan kogin. A 1909 kotu ta yanke cewa jiha ba ta da hurumin hukunta mutum a kan abin da ya yi cikin iyakar maƙwabciyarta da izininta.

Nielsen ya tsira, amma matsalar kifin tana nan. Dalili kuwa yana cikin rayuwar kifin da ake kira salmon. Ana ƙyanƙyashe shi cikin tsakuwar ƙananan rafuka, ya gangara teku yana ɗan ƙarami, ya yi shekaru yana girma a can. Idan lokacin haihuwa ya yi, sai ya juyo ya bi kogi yana gaba da ruwa, yana bin ƙanshin rafin da aka ƙyanƙyashe shi, har ya isa. A nan macen ke zuba ƙwai, namijin ya zuba maniyyi a kai, daga nan su mutu. Ɗalibai su lura da wannan: duk kifin da zai haifi zuriyar gaba dole ne ya ratsa ta wannan mashigi guda da ke tsakanin jihohin. Idan jiha ɗaya ta rufe kamu don iyayen su wuce, ɗaya kuma ta bar komarta a ruwa, to ta farkon ta yi asarar banza, bayan 'yan shekaru kuma duka biyun za su rasa.

Saboda haka a 1915 jihohin suka ƙulla yarjejeniya, Majalisar Tarayya ta amince da ita a 1918, cewa babu wadda za ta sauya dokar kamun kifi a ruwan da suka yi tarayya ba tare da yardar ɗaya ba. Har yau wakilansu kan zauna tare su tsayar da ranakun buɗe kamu da rufewa.

Ga mai kamu da ƙugiya, ƙa'idar ita ce: idan yana cikin kwalekwale a babban kogin, lasisin kowace daga cikin jihohin ya wadatar. Da zarar ya shiga wani rafi da ke malalowa cikin kogin daga ɓangare ɗaya, sai ya nemi lasisin jihar da rafin yake.

Lasisin ba haraji ne kawai ba. Mai kamun salmon yakan rubuta kowane kifi da ya riƙe a kan kati, masana su haɗa wannan da ƙidayar da ake yi a madatsar ruwa ta Bonneville, inda tun 1938 ake lissafa kifayen da ke hawa wani tsani na ruwa da aka gina musu. Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa. Kifin da aka reno a gidajen ƙyanƙyasa akan yanke masa wata 'yar tsoka da ke gadon bayansa kusa da wutsiya kafin a sake shi. A lokuta da dama doka ta yarda a riƙe mai wannan alama kaɗai. Wanda tsokarsa ke nan, ɗan asalin rafi ne, sai a cire masa ƙugiya a mayar da shi ruwa da ransa.