WA KE BIYAN KUƊIN LAMUNIN MA'AIKATA A GUNDUMOMIN AMURKA?

A ƙasar Amurka yawancin jihohi an rarraba su gunduma-gunduma, kuma galibi mutanen gunduma su ke zaɓen manyan ma'aikatansu da ƙuri'a. Jihar Teksas, wadda za a yi misali da ita, tana da gunduma 254. A can akan zaɓi ma'aji, da mai karɓar haraji, da magatakarda, da shugaban 'yan sandan gunduma, kowannensu shekara huɗu.

To, cin zaɓe kaɗai ba ya ba mutum mabuɗin baitulmali. Kafin ya kama aiki sai ya yi rantsuwa, ya kuma kawo takardar lamuni. A cikin takardar nan akwai wanda ya tsaya masa, ya ɗauki alkawarin cewa in ma'aikacin ya ci dukiyar jama'a, ko ya yi sakaci har ta salwanta, shi zai biya, iyakar adadin da aka rubuta. Wanda ya kasa kawo takardar, doka ta ba da ikon a ɗauka kujerarsa babu kowa. A dā dangi da abokai masu dukiya su ke tsaya wa mutum. Wannan hanya tana da aibu, domin wanda maƙwabcinsa ya tsaya masa da wuya ya iya matsa wa maƙwabcin nan a kan haraji. Yanzu galibi kamfanonin inshora ke yin lamunin, a biya su lada.

Yawan lamuni doka ce ta yanke. Na shugaban 'yan sanda ba ya kasa dala 5,000, ba ya wuce dala 30,000, majalisar gunduma kuwa, watau alƙalin gunduma da wakilai huɗu, ita ke tsai da adadin a tsakanin nan. Mai karɓar haraji lamuni biyu yake kawowa, ɗaya don kuɗin jiha, ɗaya don na gunduma. Na gunduma ushirin harajin da aka aza bara ne, amma a yawancin gundumomi ba ya haye dala 100,000.

Sai maganar ladan kamfani. Dokar harajin Teksas ta ce gunduma ce za ta biya ladan lamunin mai karɓar haraji, duka biyun, daga babban asusunta, muddin ladan bai wuce kima ba. Akan kai takardar neman biya gaban majalisa, a duba ta kamar kowane bashi da ake bin gunduma, sa'an nan a fitar da kuɗi. Hikimar abin a fili take: da ma'aikaci ne zai biya daga aljihunsa, da talaka mai gaskiya ya ji nauyin tsayawa zaɓe.

Amma a nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta, sai mai karatu ya lura ƙwarai. Biyan da gunduma ta yi bai sa ma'aikaci ya sami garkuwa ba ko kaɗan. Lamunin don jama'a aka yi shi. In kuɗi suka ɓace, kamfani zai biya gunduma, sa'an nan ya juyo kan ma'aikacin ya nemi abinsa, har gaban shari'a in ta kama. Saboda haka ne kamfani yakan binciki basussukan mutum da halin biyansa tun kafin ya yarda ya tsaya masa. In kuwa asarar ta zarce adadin da ke cikin takarda, kamfani ba ya ƙara ko kwabo, ragowar sai gunduma ta bi ma'aikacin da kanta.