Kafin jarumi mai tashi sama, fara zana mai shayin unguwarku

Wani ƙanenmu daga Tsafe, ɗan ajin ƙarshe a sakandare, ya turo mini hotunan littafin rubutu guda da ya cika da zane tun daga bango har bango. Tambayarsa biyu ce: yana son ya zama mai zana labari irin na littattafan katun, ta ina zai fara? Kuma ana cin abinci da wannan sana'a a Zamfara?

Ƙanena, hannunka ya faɗa, wannan ba sai na yi maka kara ba. Sai dai na duba littafin nan shafi-shafi ban ga mutumin Tsafe ko ɗaya ba. Kowa gashi a tsaye, ido kamar faranti, takobi ya fi mai shi tsawo. Mutanen Japan ne ka kwaso daga waya. Kwaikwayo ba laifi ba ne, kusan kowa da shi ya fara, amma wanda ke son irin wannan zane yana da dubbansa kyauta a intanet, daga hannun waɗanda suka gaje shi. Abin da ba su iya ba shi ne yadda babbar riga ke zubowa daga kafaɗar dattijo idan ya naɗe hannunta, ko yadda mai shayi ke ɗaga kofi sama yana sheƙa ruwan zafi, ko zaman mata huɗu a bayan Keke Napep da kayan cefane. Wannan kai kaɗai ke da shi a ƙofar gida.

Don haka ka samu ƙaramin littafi mara layi wanda zai shiga aljihu. Kullum ka zana mutum biyar daga ido, kowane cikin minti biyu ko uku, ba gogewa. Ka fi ba hannu da ƙafa ƙarfi, don su ne ke tona asirin mai koyo. Na lura jarumanka duk sun ɓoye hannu a aljihu ko a baya, na kuma san dalili. Ka zana akuya, ka zana babur, ka zana Dutsen Kwatarkwashi da kake wucewa duk ranar da za ka shiga Gusau, da safe daban, da la'asar daban. Amma ka yi hattara da halin da ake ciki. Yaro ya zauna a tasha ko kusa da shingen jami'an tsaro yana kallon mutane yana rubuce-rubuce, kafin ya yi bayani an kira shi infoma. Ka fara da waɗanda suka san ka, ka nemi izini, in ka gama ka nuna musu. Mai shayin da ya ga fuskarsa a takarda shi zai fara tallata ka.

Sai babbar maganar. Ka ce kana shirya labari mai littafi goma. Ajiye shi. Ɗauki takardar A4 guda biyu, ka haɗa su ka ninka biyu: ka samu ɗan littafi mai shafi 8. Aikinka ke nan na wata biyu masu zuwa, labari ɗaya da ya fara ya kuma ƙare a cikin shafukan nan. Na san masu hannu da yawa da suka shekara biyar suna zana fuskar jarumi ɗaya, ba su taɓa kai shi shafi na uku ba. Mai buga littafi ko mai ba da kwangila ba ya tambayar abin da ke ranka, abin da ka gama yake son gani.

Ga yadda za ka bi. Rubuta labarin da kalmomi tukuna, kada ya wuce rabin shafi. In ba za ka iya ba ƙanwarka shi da baki ta saurara har ƙarshe ba, zane ba zai cece shi ba. Sannan ka yi ƙananan zayyana, kowane shafi kamar girman kwalin ashana, ka raba shi akwati huɗu zuwa shida. A nan ake yin tunani: ina za a nuna wuri daga nesa, ina za a matso kan fuska, wane akwati ne zai zauna ba magana. Akwatin ƙarshe na shafin dama shi ne ƙugiya, ka sa abin da zai tilasta wa mai karatu juya takarda. Kuma ka rubuta maganar mutanenka kafin ka zana su. Masu koyo sukan cika akwati da zane, sai a ƙarshe su matse magana a lungu kamar an cusa kaya a buhu. Wanda ya fara magana shi ke hagu, don ido daga hagu yake tafiya.

Maganar kuma ta zama tamu. Idan tsohuwa ce a Bunguɗu, bar ta ta ce “mi kaka yi nan, wanga yaro?” Kada ka mayar da ita 'yar Kano don kana ganin haka ne daidai. Bayanin mai ba da labari ka yi shi da daidaitacciyar Hausa, bakin mutane kuwa ka bar musu abinsu.

Kayan aiki ba su kai yadda kake tsoro ba. Fensir HB da 2B, magogi, rula, baƙin biro ko alƙalamin tawada mai siririn baki, sun isa shekarar farko. In kana da wayar Android, ibisPaint X da MediBang Paint suna da na kyauta, a kwamfuta kuma akwai Krita. Ka ɗauki hoton zanenka a inuwa da rana, wayar tana daidai saman takarda. Abin da za a buga a ajiye shi a 300 dpi, in ba haka ba ya fito dishi-dishi. Abu biyu kuma da suka shafe mu musamman. Na farko, yawancin kyawawan haruffan katun ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga “ƙasa” ta koma “kasa” ko wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. Ko ka yi rubutun da hannunka, wanda ni na fi so, ko ka nemi haruffa irin su Andika da Noto Sans. Na biyu, ka tuna watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya. Kada aikinka ya zauna wuri ɗaya: kwafi a memori, kwafi a imel, asalin takardun kuma a cikin leda, nesa da ɗigar damina da gara.

Akwai maganar da ba ka yi ba amma na san tana nan, wato ta gida. A garuruwanmu zanen mai rai abu ne da malamai suka yi magana a kai, kuma maganganunsu sun bambanta, musamman kan abin da aka yi don koyarwa ko don yara. Ni ba malami ba ne, ba zan ba ka fatawa ba. Ka je wurin malamin da kai da mahaifinka kuka yarda da shi, ka tafi da aikin a hannu ya gani da idonsa. Kada ka yi a ɓoye. Sana'ar da ake yi a ɓoye wa iyaye ba ta nisa.

To, kuɗi fa? Gaskiya ɗaya ce: sayar da littafin katun kaɗai ba zai riƙe ka a Gusau yanzu ba. Abin da ke kawo na cefane shi ne ƙananan ayyuka. Makarantun kuɗi suna son hotunan bango da na littattafan 'yan nazare. Marubutan Hausa da ke sakin labarai a WhatsApp da Wattpad suna son bangon littafi, yawancinsu hoton 'yan fim ɗin Indiya suke ɗorawa don ba su san da kai ba. Masu shago suna son tambari. Sannan ga ƙungiyoyin lafiya. Tun bayan gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, kowa ya ga amfanin hoton da zai yi wa uwar da ba ta karatun boko bayani ba tare da rubutu ba. Wanda ya iya zana turmi da tsakar gida yadda matar ƙauye za ta ce “wannan gidanmu ne” yana da abin sayarwa.

Idan aiki ya zo, kada ka ɗora fensir sai an ba ka rabin kuɗi. Ku rubuta a saƙo, ko na waya ne: zane nawa, yaushe, gyara sau nawa. Ni na ce sau biyu, na uku da kuɗinsa. Na taɓa tsaya wa wani yaro da ya yi wa wata makaranta hotuna 20 bisa alkawarin “za mu tallata ka”. Har yau tallar ba ta iso ba, hotunan kuwa suna jikin bango. Wajen yanka farashi, lissafa awannin da aikin zai ci, ka kwatanta da abin da tela ko mai fenti ke samu a yini, ka ƙara kuɗin data da caji. Ka sa hannu a kowane zane. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai zane haƙƙin aikinsa, don haka in mai saye yana son ya mallake shi ɗungurungum ya riƙa bugawa yadda ya ga dama, wannan ciniki ne daban, farashinsa daban.

Kada kuma ka ɗauka hanyar ba ta fita. Mustapha Bulama da zanen siyasa a jaridar Daily Trust ya yi suna. A Legas, Jide Martin ya kafa kamfanin littattafan katun Comic Republic a 2013, kuma shirin katun Iwájú da kamfanin Kugali ya yi tare da kamfanin Disney ya fito a 2024. Wanda ya fi ci mini rai, ta hanya mai kyau, shi ne Roye Okupe, ɗan Legas mazaunin Amurka, wanda ya gina littafinsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Mu kuwa ga Sarauniya 'Yargoje ta Zamfara, ga malaman 'Yandoto a bayan gidanku, ga zuwan jirgin ƙasa Gusau da hada-hadar auduga da gyaɗa, duk suna zaune ba wanda ya zana. In ka ci jarrabawa, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka yi karatu tun kwalejin ba ta zama jami'a ba, yana nan kan hanyar da ta bi ta ƙofar garinku. In ba ka samu ba, ka karanta abin da ya samu, ka ci gaba da zanen da dare.

Amma 'Yargoje ta jira tukuna, ta fi ƙarfin shafi 8. Fara da mai shayi da ranar da aka gudu ba a biya shi ba. In ka gama, ka kai shagon hoto-kwafi a buga maka 20, ka raba wa abokai da 'yan gida, ka tsaya kana kallon inda suka yi dariya da inda suka ɗaga kai suna tambayar “wa ke magana nan?” Wurin nan shi za ka gyara. Kwafi ɗaya kuma nawa ne, ina jira nan da wata biyu.