Darasi: Lambun Miya a Saman Ɗaki da Tsakar Gida

'Yan'uwa mata, tambayar da aka fi yi mini a zaman ƙungiya a nan Zabi ita ce: "Malama, ba ni da gona, tsakar gidan kuma awaki da kaji sun cika, zan iya shuka kayan miya a saman ɗaki?" Amsata kullum ita ce, sai na ga irin rufin tukuna. Lambun sama yana yiwuwa, amma ba kowane ɗaki ne zai ɗauka ba, kuma ɗaki ya fi alayyafo tsada.

Mu fara da nauyi, domin nan ake yaudarar kai. Litar ruwa ɗaya kilo 1 ce, wato jarkar nan mai lita 25 kilo 25 ce. Buhun taki da aka cika da ƙasa aka shayar da shi ya fi buhun siminti nauyi, shi kuwa siminti kilo 50 ne. Ki jera buhu goma, kin ɗora wa rufinki fiye da rabin tan, kuma nauyin ba na kwana ɗaya ba ne, yana nan zaune wata da watanni.

Soron ƙasa mai azara kada ma a soma. An gina shi ne don ruwa ya gangara ta indararo ya fita da sauri. In kika ajiye buhu mai danshi a kansa, yaɓen zai jiƙe, azara ta ruɓe, gara ta samu hanya, ranar da aka yi mamakon watan Agusta sai rufi ya zauna a kan masu barci. Rufin kwano shi ma ba wurin ajiye ƙasa ba ne: zai lotse, ya yi tsatsa, ga zafin bazara da zai dafa saiwa. Rufin kankare kaɗai, wanda ake ce wa dekin, shi ne ake iya hawa da buhu. Ko shi ma sai an kira maginin da ya san aikinsa ya duba. A jera buhunan a gefe, daidai kan bango, ba a tsakiyar ɗaki ba. A ɗora su kan bulo ko katako don iska ta ratsa ƙarƙashi, kada kuma a toshe hanyar ruwa. In babu katanga a gefen rufin, yaro ba ya hawa, ko da aike ne.

Akwai wani abu da takardun Turawa ba sa faɗa. Wadda ta tsaya a saman bene tana hango tsakar gidan maƙwabta. Saboda haka a yi magana da maigida, da mai gidan in haya ce, da maƙwabta, a kafa zana ta ɓangarensu, kafin lambu ya jawo gaba.

To, mafi yawanmu ba mu da dekin, sai yaya? Iyayenmu sun riga sun nuna hanya. Ku tuna yadda ake binne ƙwayar kabewa ko duma a gindin ɗaki, yaɗon ya bi danga ya hau jinka ya yi 'ya'ya a can. Saiwa a ƙasa, ganye a sama. Haka za mu yi: buhu yana ƙasa a jikin bango, a ɗaura igiya zuwa rumfa, kabewa ko kokwamba su hau. Sauran buhunan a ɗora su kan gadon itace mai tsayin ƙugu, a kewaye da tsohon gidan sauro ko ƙaya saboda dabbobi. A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6. Wannan noman buhu ba mu kaɗai ba ne, matan unguwar Kibera a birnin Nairobi na Kenya sun daɗe suna ciyar da gidajensu da shi a ɗan lungun ƙofar ɗaki.

Haɗin ƙasa kuwa, ni ga yadda nake yi: kwano biyu na ƙasa mai kyau, kwano ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, kwano ɗaya na buntun shinkafa ko yashi. Mai hawa dekin ta zaɓi buntu, ya fi sauƙin nauyi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, a bar shi ya kwana biyu a rami har ya daina zafi da wari. A naɗe bakin buhu, a cika shi rabi ko kashi biyu cikin uku, a huda gindin wuri biyar ko shida. Tsohon bokiti da fasasshen baho duk suna aiki, amma ban da mazubin da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai.

Sabuwar shiga ta fara da alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a cuɗa shi da yashi kafin a yafa, cikin mako huɗu an soma tsinka. A yanke sama a bar gindi, zai sake tofo. Rama, lalo da yakuwa ba su da rigima. Kuɓewa tana soma 'ya'ya wajen wata biyu, gindi biyu sun ishi buhu ɗaya. Latas da albasa mai lawashi sun fi son hunturu. Tumatir ne kowa ke ɗoki, shi ne kuma mai wahala. Ya fi yin kyau da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da damina cuta takan kama shi. Kun tuna 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa? Tana nan har yau. Ki riƙa juya ganye kowace safiya, wanda kika ga zanen fari a cikinsa ki tsinke ki binne. Ga ƙananan ƙwari, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. In abin ya gagara, mu a nan mun yi sa'a: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, kusa da mu. A ƙunsa ganyen a leda, wakiliyar ƙungiya ta kai wa malaman gona su gani.

Ruwa shi ne zai nuna ko lambun zai ɗore. Buhu yana bushewa da wuri fiye da ƙasa, da bazara sai an shayar safe da yamma. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye a tara a bokiti, duk na lambu ne. Ruwan omo da na bilic kuwa a zubar can nesa. A rufe bakin buhu da busasshiyar ciyawa don danshi ya jima. Mai niyyar hawa sama ta fara tambayar kanta wa zai riƙa hawa da jarka a watan Afrilu.

Sai batun akwatinmu. Ban goyi bayan a ci babban rance don lambun buhu ba, domin wannan lambu ba ya kawo kuɗi da yawa, rage kuɗin cefane yake yi. Ribar tana cikin abin da ba ki kashe ba, kuma irin wannan kuɗi in ba a kama shi ba sai ya ɓace a sayen ashana da magi. Duk ranar da kika tsinki ganye a gida, ki ware kuɗin da za ki ba yaro ya sayo, ki jefa a gwangwani, ranar zubi ki kawo. Iri kuma a haɗa kuɗi a sayo tare a kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari, mace ɗaya ta yi renon tumatir da attaruhu ta raba wa saura dashe. Kowa ta bar gindin alayyafo ɗaya da kuɓewa ɗaya su ƙosa, iri na baɗi ke nan.

Aikin wannan mako: kowace mamba ta dubo irin rufin gidanta da wurin da rana ta fi daɗewa, ta zo da buhu biyu wankakku. Sakatariya ta rubuta abin da kowa ke kashewa kan ganye da kayan miya a mako ɗaya, mu ajiye lissafin mu sake dubawa bayan wata biyu. Zama mai zuwa a gidan shugaba za mu yi, a nan za mu cika buhun farko tare, don haka mai buntu ta taho da shi.