Kare da Mota: Nazari a Kan Jinyar Karen Gida a Kudancin Birnin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya haɗa kalmomin nan biyu, watau "kare" da "mota", ba dabba yake nufi ba, mutum yake nufi, domin "karen mota" shi ne yaron nan da ke bin babbar mota, ya ɗaure kaya, ya kuma kwana a gindinta yana gadi. Amma akwai wata haɗuwar kare da mota wadda harshe bai raɗa wa suna ba, ita ce ta ranar da mota ta buge karen gida a kan titi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba abin da kan biyo bayan wannan rana a unguwannin Kaduna da ke kudu da kogi. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa al'ada ta san amfanin kare, amma ba ta tanadi abin yi game da ciwonsa ba, kuma wannan giɓi ne kan jawo asarar dabbar, wani lokaci ma har da ran mutum.

2.0 Kudancin Kaduna da Hanyoyinsa

Masana'antu ne suka raya kudancin Kaduna. An buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya soma aiki a 1975, matatar mai kuma ta biyo baya a 1980. Neman aiki ya tara ƙabilu iri-iri a Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha da Unguwar Romi, Hausa kuwa ta zama harshen da ya haɗa su. Bayan rikicin shekarar 2000 zaman garin ya sauya, Kiristoci suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa, ko da yake har yanzu akwai unguwannin da ake cuɗe.

A waɗannan unguwanni ajiye kare don tsaron gida ba baƙon abu ba ne, kuma akasari akan ɗaure shi da rana, a sake shi da dare. Ga shi kuwa manyan hanyoyi sun ratsa yankin: hanyar Abuja ta Gonin Gora, da hanyar Kaciya da ta bi ta Sabon Tasha, da kuma hanyar Nnamdi Azikiwe da ta ƙetare kogi ta yi arewa. Tireloli da tankokin mai ba sa barin waɗannan hanyoyi dare da rana. Ke nan lokacin da ake sakin kare shi ne lokacin da direba ya fi gudu, ganinsa kuma ya fi raguwa.

3.0 Kare a Bakin Bahaushe

Kafin a fahimci halin da mai kare kan shiga, ya kamata a dubi matsayin da harshe ya ba dabbar. Karin magana ya yaba wa kare a wajen aiki, shi ya sa ake cewa "karen bana shi ke maganin zomon bana". Ya kuma shaidi wayonsa, kamar a labarin nan da aka ce masa ana biki a gidansu, ya ce, "In gani a ƙas." Amma da zarar an bar fagen aiki, sai ƙasƙanci ya biyo baya. Wanda ya zama ɗan koren wani, "karen farauta" ne. Abin da ba shi da wata fa'ida, an ce "kashin kare ba ya taki". Kiran mutum da sunan kare kuwa zagi ne mai zafi. Abin lura a nan shi ne, darajar kare a waɗannan maganganu tana rataye ne a kan ƙafafunsa. In ya gurgunce, babu abin da ya rage masa.

Sau da yawa akan jingina wannan ƙyama ga addini, alhali kuwa abin da malamai suka rubuta ya fi haka faɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce galibin Hausawa Musulmi ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarren kare ya kamo, Buhari da Muslimu kuma sun ruwaito hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. A wajen Kirista ma, littafin Karin Magana, sura ta 12, ya siffanta adali da kula da ran dabbarsa. Saboda haka wanda ya tsaya jinyar karensa bai saɓa wa ko ɗaya daga cikin addinan biyu ba.

4.0 Sa'ar Farko

A ɗauki misalin wani magidanci a Unguwar Romi, wanda ɗansa ya shigo da asuba a guje yana cewa, "Baba, mota ta buge shi, yana bakin titi!" Abin da zuciya za ta fara raya wa yaron shi ne ya rungumi karen. Wannan kuwa shi ne kuskure na farko, domin azaba takan sa kare ya ciji ko da wanda ya rene shi. Abin da ya dace shi ne a janye yara, babba ya matso a hankali yana kiran sunansa, a yi masa takunkumi da tsumma mai tsawo, sai fa idan yana amai ko numfashi na yi masa wuya. Daga nan a zura shi a kan katako ko buhu, mutum biyu su ɗauka ba tare da lanƙwasa bayansa ba. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta.

Abu na biyu shi ne, kada ganin ya miƙe ya ruɗi mai shi. Raunin huhu, ko fashewar mafitsara, ko zubar jini a ciki, suna iya ɓuya har kwana 1 ko 2. Alamominsu su ne dasashi ya yi fari, numfashi ya yi sauri, ciki ya kumbura, ko fitsari ya ɗauke. Don haka ko babu rauni a fili, likitan dabbobi ne ya kamata ya duba shi a ranar. Akwai likitocin gwamnati da masu zaman kansu a cikin gari. Aiki mai wuya kuwa, kamar na ƙashin baya, akan tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80.

Abu na uku shi ne magungunan gida. Ƙwayoyin kashe zafi na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, suna huda cikin kare, su lalata ƙodarsa, farasitamol kuma yana iya taɓa hanta. Baƙin mai da wasu ke shafa wa miki don korar ƙuda guba ne, domin karen zai lashe shi. Ɗori mai tsauri, wanda ya hana jini gudana, yakan ruɓar da ƙafa cikin 'yan kwanaki.

Abu na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne cizo. Kare mai ciwon hauka yakan bar gida ya yi ta gararamba, saboda haka karen da aka tsinta a bakin titi, ba a san mai shi ba, abin tsoro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Wanda aka ciza ko aka yakusa sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura. Shi kuwa karen, a killace shi kwana 10 ana lura da shi. A irin wannan rana ce takardar allurar rigakafi kan nuna amfaninta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da wannan allura, ana kuma soma yi wa kwikwiyo ita tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa.

5.0 Kwanakin Jinya

Karayar ɗan kwikwiyo takan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, ta babban kare kuwa tana kai mako 8 zuwa 12. Duk tsawon wannan lokaci ana bukatar a tsare shi a ƙaramin wuri mai inuwa da shimfiɗa busasshiya, a hana shi tsalle da lasar miki, a kuma riƙa duban mikin kullum, musamman da damina, lokacin da ƙuda kan zuba masa tsutsa. Idan likita ya ga sai an yanke ƙafa, ba ƙarshen amfaninsa ke nan ba. Kare mai ƙafa uku yana tafiya, yana haushi, kuma da kunne da hanci yake gadi, ba da gudu ba.

Sai dai ba kowane rauni ne ke warkewa ba, ba kuma kowane aljihu ne ke ɗaukar kuɗin aiki ba. Magidancin da kuɗin makarantar yara ke gabansa ba abin zargi ba ne in ya kasa. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya faɗa wa likita ƙarfinsa tun farko, domin a zaɓi abin da zai yiwu. In laka ta tsinke, babu fatan tashi, to, allurar da likita zai yi masa ya huta ta fi jinƙai a kan a jefar da shi a juji da sauran numfashinsa.

6.0 Halin Mutanen Gida

A nan ne giɓin da aka ambata a baya ya fi fitowa. Wanda sansa ya karye, maƙwabta sukan zo jaje, domin sa dukiya ce. Amma mai kare abin da yakan ji shi ne, "Haba Malam, kare ne fa!" Sai ya haɗiye damuwarsa don kunya, yaran da suka shaƙu da dabbar kuma a kwaɓe su in sun yi kuka. Ga kuma neman mai laifi a cikin gida: wa ya bar ƙofa a buɗe? Sau da yawa yaro ne kan ɗauki wannan nauyi, alhali kuwa manya ne suka saba sakin karen kowane dare.

Abin da ya fi dacewa shi ne uba ya fara da kansa, ya ce, "Laifin ba naka ba ne, mu ne ba mu gyara ƙofar ba." A gaya wa yara gaskiyar halin da ake ciki daidai hankalinsu, kada a ce karen ya yi tafiya alhali ya mutu. A kuma ba su ɗan aikin da ba shi da haɗari, kamar sauya ruwan sha, domin hannun da ke aiki yana rage wa zuciya nauyi. Game da direba kuwa, in ya tsaya, neman taimakonsa wajen kai dabbar asibiti ya fi tara masa jama'a, tun da rigimar bakin titi a gari irin Kaduna an san mafarinta, ba a san iyakarta ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta dubi yadda zaman kudancin Kaduna ya haɗa karen gadi da manyan hanyoyi, da yadda harshe ya yabi aikin kare ya yi shiru a kan ciwonsa, sannan ta kawo matakan da ake bi daga bakin titi har zuwa warkewa. Rigakafi dai ya fi magani: ƙofa mai kuba, da tsare kare a cikin gida ko da dare, da allura a kan kari. In kuma ƙaddara ta riga fata, to, dabbar da ta yi shekaru tana hana ido barci don mutanen gida su yi, ta cancanci 'yan makonnin jinya. Ya rage ga ɗaliban harshe da al'ada su tattaro sunayen da ake raɗa wa karnuka da maganganun da ake yi a kansu a waɗannan unguwanni, domin a ga ko zaman birni ya soma sauya wannan tunani.