Gambarar Zamani a Gidan Rediyo: Nishaɗi ko Neman Gyara?

A wannan makon ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kawo mana darasi kan waƙar hip-hop, wadda kafofin labarai ke kira gambarar zamani. Wasu iyayenmu na ganin shirme ce ta masu zazzago wando. Mu kuwa mun ga ya kamata mu san tarihinta kafin mu yanke hukunci.

Daga ina ta fito?

An haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka a 1973, cikin matasan baƙar fata da talauci ya yi wa katutu. DJ Kool Herc na cikin waɗanda suka assasa ta. A 1982 Grandmaster Flash da abokansa suka fitar da waƙar "The Message", wadda ta bayyana ƙuncin rayuwar unguwanninsu. Tun daga nan mawaƙan suka gane cewa amshi da kari za su iya ɗaukar koken jama'a.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin sun yi waƙoƙin farkar da talakawa a zamanin NEPU, Ɗan Maraya Jos kuma ya yi wa ɗan garuwa da karen mota waƙa da kuntiginsa.

Me rediyo ke ƙarawa?

Gidan rediyon al'umma ƙaramar tasha ce mallakar mutanen yanki, ba ta gwamnati ko ɗan kasuwa ba, tana magana da harshensu kan damuwarsu. A Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyarmu da muke iyaka da ita a nan Babura, irin waɗannan tashoshi sun haura ɗari, kuma ƙungiyoyin gambara irin su Kaidan Gaskiya da Wass-Wong sun rera da Hausa da Zabarmanci. A Najeriya sai a 2015 gwamnati ta ba da lasisin tashoshin al'umma 17. Waƙa a waya takan tsaya a kunnen saurayi ɗaya. Idan ta shiga rediyo, manomi a gona da uwa a madafi duk sun ji, sai a buga waya a tattauna.

Misali mafi ƙarfi shi ne Burkina Faso. A 2013 mawaƙin gambara Smockey da Sams'K Le Jah, mawaƙi kuma mai gabatar da shiri a rediyo, suka kafa ƙungiyar Balai Citoyen, wato tsintsiyar talakawa. Ta taka rawa a boren da ya kori Shugaba Blaise Compaoré a Oktoban 2014, bayan shekara 27 a kan mulki. A Senegal ma, mawaƙan Keur Gui da 'yan jarida sun kafa Y'en a Marre a 2011, suka zaburar da matasa su yanki katin zaɓe.

Masu mulki ba su cika son wannan ba. A Kano, a 2009, kotu ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Girgiza Kai" ta Ziriums, amma sai ta ƙara yaɗuwa daga waya zuwa waya. A 2018 hukumar NBC ta hana tashoshi saka "This Is Nigeria" ta Falz.

Darasinmu

Ba kowace waƙa mai ambaton siyasa ce ta neman gyara ba. Akwai wadda ɗan takara ya biya aka wasa shi, aka yi wa abokin hamayyarsa zambo. Da yawa daga cikinmu 'yan aji shida za su kai shekara 18 kafin zaɓe mai zuwa, kuma irin waɗannan waƙoƙi za su cika mana kunne. Don haka duk wadda muka ji, mu tambayi kanmu:

1. Wa ya biya kuɗin waƙar?
2. Matsala take bayyanawa, kamar rashin ruwa, taki ko kujerun aji, ko mutum kawai take zagi?
3. Za mu iya sauraron ta a gaban iyayenmu?

Aikin wannan mako: kowane aji ya rubuta baiti huɗu kan wata matsala ta garin Babura, babu zagi, babu sunan kowa. A miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa uku mafi kyau a wannan allo, in sha Allahu.