Yadda ake zaɓen keken hawan tsauni da kuɗi kaɗan: na bana ko na bara?

Wanda ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi keken hawan tsauni yakan tarar da keke biyu masu suna ɗaya daga kamfani ɗaya, wannan ƙirar bana, wancan ta bara ko ta bara waccan, kuma farashinsu ba ɗaya ba. Mai shago sabon zai fara nuna maka. Ni kuwa shawarata ita ce ka ajiye maganar shekara a gefe, domin firam da kayan da aka ɗaura masa su ne keke. Manyan kamfanoni irin su Giant na Taiwan da Trek da Specialized na Amurka sun daɗe suna fitar da kekunan shekara mai zuwa tun ana tsakiyar wadda ake ciki, amma ba kullum suke sake ƙera firam ba. Sabon firam yana cin kuɗi, saboda haka guda ɗaya yakan yi shekara biyu, uku ko fiye, fenti kawai ake sauyawa da 'yan kayayyaki. Ba kuma lallai sauyin ya zama ci gaba ba. A 2020 da 2021, lokacin annobar korona, kekuna da kayansu sun yi ƙaranci a duniya, farashi ya hau, kamfanoni suka riƙa ɗaura abin da hannunsu ya kai. Zuwa 2023 kaya suka yi wa shaguna yawa har aka koma karya farashi.

Abin da za ka fara yi shi ne tabbatar da cewa keken daidai tsawonka yake. Duk rangwamen da aka yi maka a kan keken da ya yi maka girma ko ƙanƙanta, asara ce. Idan wannan ya zauna, sai ka nemi teburin awon firam na kowace shekara a shafin kamfanin, ka jera su. Dubi lanƙwasar wuyan keken: tsofaffin ƙira sukan kai digiri 70 ko 71, sababbi da yawa sun sauko 66 ko 67, wanda yake sa keke ya fi natsuwa a gangare. Idan lambobin duka iri ɗaya ne, firam ɗaya ne aka sake wa riga. Trek ma ya sauƙaƙa wannan a jerin Marlin, inda yake kiran ƙirar Gen 2 da Gen 3. Tsakanin waɗannan biyun akwai bambanci na gaske, tsakanin shekaru biyu na ƙira ɗaya kuwa kusan babu.

Daga nan ka koma kan kaya, nan ne kuɗinka suke tafiya. Fara da shokabzoban gaba, domin shi ya fi tsada idan ka tashi sauyawa daga baya. Kekuna masu araha sukan zo da SR Suntour XCT ko XCM, masu sifirin na ƙarfe, masu nauyi, waɗanda ba a iya daidaita su sosai da nauyin mahayi. Mai aiki da iska, irin RockShox Recon ko Suntour XCR na iska, da famfo ake saita shi daidai jikinka, kuma ya fi sauƙin nauyi. Sai birki. Birkin faifai mai aiki da mai, ko da ƙaramin Shimano MT200 ne, ya fi mai waya kamawa da ɗan matsi kaɗan. Giya ce ta ƙarshe, ko da yake ita masu talla suka fi kururutawa. Jerin Shimano daga ƙasa ya fara da Tourney, Altus, Acera, Alivio, sannan Deore, SLX, XT da XTR. A 2023 kamfanin ya fito da CUES domin ya maye gurbin da yawa daga na ƙasan. Keken bara mai Deore da shokabzoban iska ya fi keken bana mai Altus da sifirin, ko da kuɗinsu ya zo ɗaya, balle a ce na baran ya fi sauƙi.

Wani zai ce ai araha ba ta ado, tsohon yayi kuma baya yake ja da mutum. Akwai gaskiya a nan, amma tana da iyaka, kuma ana iya sanin iyakar. A 2015 aka fito da awon Boost, faɗin milimita 148 a tayar baya da 110 a ta gaba, ya zama ruwan dare a kekuna masu inganci. Wuyan firam mai faɗi daga ƙasa shi ne yake karɓar yawancin shokabzoba masu kyau na yanzu. Faranti ɗaya a gaba, wanda SRAM ya yaɗa da XX1 a 2012, ya ture faranti uku. Firam da ya rasa duk waɗannan zai wahalar da wanda yake da niyyar ƙara masa kaya nan gaba. Amma da wuya wannan ya zama abin da ya bambanta na bara da na bana. Batun garanti ma ba ya hana: idan keken bai taɓa fita daga shago ba, garantinsa daga ranar saye yake farawa a hannun dilan da kamfani ya amince da shi. Na gwanjo ne ba shi da wannan, domin cikakken garantin firam na Trek da Giant na mai saye na farko ne.

Akwai wani lissafin da mai saye a ƙasar Hausa bai kamata ya tsallake ba, tunda kekunan nan da yawa na hannu ne da aka shigo da su daga waje. Kafin ka biya, je wurin mai gyaran keke na unguwarku ka tambaye shi abin da yake iya samu. Taya mai inci 26 ta tsufa a Turai, amma a kasuwanninmu ta fi mai 27.5 ko 29 sauƙin samu, haka kacar giya takwas ko tara ta fi ta goma sha biyu sauƙi da araha. Birkin Shimano man ma'adinai yake sha, na SRAM da yawa kuma man birki na DOT. Idan aka zuba wa ɗaya na ɗaya, robobin ciki sun lalace. Keken da zai yi wata biyu a jingine yana jiran kaya daga Legas bai yi maka amfani ba, komai sabuntarsa.

In na hannu ne, duba shi da rana. Bi wuraren walda, musamman wuya da gindin sirdi, ka nemi tsaga. In ka gani, bar shi. Kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, ka ji ko wuya yana motsi. Auna kaca da abin awo: gaɓa 12 cikakku inci 12 ne, in ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai ka cire kuɗinsu a ciniki. Ka hau shi, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka zube duk abin da ke aljihunka. Rage na hular kwano, famfo da kayan faci.

Idan awon firam ɗin iri ɗaya ne, ɗauki na bara ka riƙe ragowar kuɗinka. Kada ka biya kuɗin na bana sai idan an sake ƙera firam ɗin ne, kuma kayansa ba su gaza na wancan ba.