Darasin Wannan Fitowa: Yadda Baƙo Zai Zaga Garin Cape Coast

Darasinmu na wannan karo a kan tafiya ne. Duk lokacin hutu za ka ga 'yan makarantunmu na Kumasi da Tamale da Nima sun cika mota sun nufi Cape Coast don ganin tsofaffin gidajen bayi, wasu kuma karatu ke kai su jami'ar garin, wadda aka kafa a 1962. Da yawa sukan komo aljihu ya bushe, ƙafa ta kumbura, alhali ba su ga rabin abin da ya kai su ba. Dalili kuwa shi ne sun shiga ƙaramin gari da irin hankalin da ake shiga Ankara.

Abu na farko da baƙo zai riƙe shi ne teku. Teku tana kudu da garin, babban titin da ya taso daga Ankara ya nufi Takoradi kuma yana arewa, tsohon garin yana tsakaninsu bisa 'yan tuddai. Idan ka ɓace, kada ka ruɗe, ka bi gangare, zai kai ka bakin ruwa, inda farin ginin nan na Turawa yake tsaye, wanda mutanen Suwidin suka fara a 1653, Ingilishi suka ƙwace a 1664. Wannan ilimi yana da wani amfanin kuma. Gaɓar tekun ta miƙe ne wajen gabas maso arewa, kusan daidai da alƙibla, saboda haka in lokacin salla ya riske ka inda babu masallaci, ka bar teku a hannun damanka, ka fuskanci wajen Ankara, ba ka yi nisa da daidai ba.

Abu na biyu, sunaye uku za ka haddace: Pedu, Tantri da Kotokuraba. Pedu mararraba ce a kan babban titi, nan motocin da za su wuce Takoradi kan sauke mutum. Tantri tasha ce ta motocin nesa. Kotokuraba kuwa ita ce cibiyar gari, nan babbar kasuwa take, nan ake samun tasi zuwa unguwanni, nan kuma masallaci da mutanenmu na zango suke, ga koko da safe, ga wake da shinkafa. Wanda ya iya kai kansa Kotokuraba ya iya rabin garin. Daga nan zuwa bakin teku tafiyar ƙasa ce wadda ba ta kai rabin awa ba. A hanya za a nuna maka wata 'yar gada bisa magudanar ruwa a ce maka sunanta gadar Landan. Kada ka yi dariya a gaban masu gari. Sun riƙe babban birnin ƙasar nan har 1877, kafin Turawa su mai da shi Ankara, kuma ba su manta ba.

To, yanzu ga inda kuɗin baƙo ke zubewa. Tasi a garin nan iri biyu ce, alhali motar ɗaya ce, fentin ɗaya ne. Akwai ta haɗaka, wadda ke bin hanya sananniya tana ɗaukar mutum huɗu, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Akwai kuma shata, wadda ake kira dirofin, kai kaɗai har ƙofar inda za ka, kuɗinta kuwa ninki ne ba ninki. Direba in ya ga mutum da jaka yana waige-waige, dirofin zai fara ambata masa. Na taɓa raka wasu ɗalibai, wani yaro a cikinsu ya tsai da tasi marar kowa, ya faɗi inda za shi, ya shige bai tambayi kome ba. Da aka isa, direba ya ce ai shata ya ɗauka. Aka yi ta cacar baki har mutane suka taru, daga ƙarshe kuɗin abincinsa na kwana biyu ya tafi. Ni ban ga laifin direban sosai ba, don ba a yi ciniki ba, kuma ciniki kafin shiga ake yinsa. Ka tambayi wanda ke tsaye kusa da kai nawa ake biya, ka tanadi canji, in kuma shatar kake so, ku yanke magana ƙafarka tana ƙasa. Haka nan za ka yi da masu keke mai ƙafa uku da ake kira pragya.

Tambayar ma tana da ladabinta. Fante mutane ne masu son gaisuwa. Kada ka tari dattijuwa da "ina hanyar kaza?" ba sallama. Ka gaishe ta, ka ce "mepa wo kyew", wato don Allah, in ta nuna maka ka ce "medaase". Kada ka nuna wuri ko ka miƙa kuɗi da hagu. Sunan garin a bakinsu Oguaa ne, Elmina kuma Edina, in ka ji yaron mota yana kiran waɗannan kada ka zaci wani gari ne dabam.

Elmina tana yamma, kimanin kilomita 12, kuma tasi ta haɗaka tana zuwa. Ginin can ya girmi na Cape Coast nesa ba kusa ba, mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, Holan suka karɓe a 1637, Ingilishi a 1872, nan kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Shawarata ita ce kada ku haɗa gidajen biyu da dajin Kakum a yini guda, kamar yadda shugabannin tafiya ke son yi don rage kuɗin mota. Kakum tana arewa wajen kilomita 30, ta hanyar Pedu da Abura, gadar igiyar nan tata da aka buɗe a 1995 tana son sammako kafin rana ta yi zafi, layi ya yi tsawo. Kurkukun bayi kuwa ba wurin da za a shiga a guje ba ne. Cikin waɗanda aka tara a ɗakunan nan masu duhu akwai mutanen arewa da aka koro ta kasuwar Salaga, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso, wanda motar Kumasi ke wucewa ta garinsa. Ɗan zango ya kamata ya tsaya ya saurari mai bayani da natsuwa, ya bar ɗaukar hoto sai an fito.

Sai maganar ruwa, kuma a nan ina roƙon shugabannin tafiya su kasa kunne. Yawancinmu 'yan tudu ne, iyakar iyonmu kududdufi ko rafi. Tekun wannan gaɓa tana da igiya mai ja ta ƙarƙashi, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai ya ji yashi na zamewa a ƙafarsa. Ganin yaran masunta suna wasa a ciki kada ya ruɗe ka, su a nan aka haife su. A ƙirga yara kafin a sauka bakin ruwa, a sake ƙirgawa kafin a tashi. Ranar Talata masunta ba su fita kamun kifi, jiragensu suna kan yashi ana gyaran koma, to ranar ce mafi daɗin hira da su, amma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa.

Game da lokaci, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Motocin nesa ba su tashi sai sun cika, saboda haka mai komawa Kumasi ya kasance a tasha tun kafin la'asar. A watan Mayu da Yuni a riƙe laima. Makon farko na Satumba kuma bikin Fetu Afahye ne, ana rufe tituna ranar Asabar, masauki yana wuya, wanda zai zo a lokacin ya aika wa wani ɗan'uwa a Kotokuraba tun da wuri ya nema masa wurin kwana.